Zuma, mazarƙwaila ko dabino: da wanne za ki yi gashin rago mai zaƙi?

Da zarar an ce nama da zaƙi, da yawa daga cikinmu sai mu yatsina fuska, mu ce wannan cimar Turawa ce. Alhali duk wanda ya taɓa cin kilishi mai kyau ya ci nama da zaƙi, don masu haɗa labu da dama suna jefa dabino ko ɗan sukari a cikin tunkuzar. Shi ya sa bayan yaji ya gama ratsa harshe ake jin wani gardi yana biyo baya. A Maroko akwai muruziya, naman rago da ake dafawa da zuma da busasshen inabi da kayan ƙamshi, kuma bayan Babbar Sallah aka fi yin ta, domin a zamanin da babu firji zumar da kitsen su ne ke riƙe naman ya daɗe bai lalace ba. Mutanen Aljeriya ma suna da nasu naman mai zaƙi da suke ajiyewa a kan teburin buɗa-baki. Salon da ya cika intanet yanzu kuwa, wato yankan nama mai ƙashi da ake soyawa a lulluɓe shi da haɗi mai zaƙi da danƙo har ya riƙa sheƙi, a Amurka da naman alade aka fi yin sa. Mu ba ma cin alade, amma dabarar ba ruwanta da wace dabba ce, kuma ta zauna daram a kan haƙarƙarin rago.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da za ki zaƙaƙa naman da shi, da irin wutar da ke gidanki. Waɗannan biyun ba sa rabuwa. Zumar da za ta yi kyau a oben ita ce za ta koma baƙi ƙirin a kan garwashi kafin naman ya yi ɗumi a ciki. Ni dai a ganina, ga yawancin gidajenmu, mazarƙwaila da tsamiya a kasko sun fi zuma, duk da cewa zuma ce kowa ke fara ambata. Ga dalilaina.

Tun daga wurin mahauci

Kafin a kai ga zaƙi, sai naman ya dace. Abin da ake so shi ne yankan gadon baya ko na saman haƙarƙari, wanda kowane yanka yake ɗauke da ƙashi ɗaya da tsoka a jikinsa da ɗan kitse a gefe. Matsalar ita ce mahautanmu ba haka suka saba yanka ba. Kina juya baya za a ɗora a kan kututture a sassara miki da adda gutsi-gutsi, ƙashi ya farfashe a cikin tsokar. Don haka ki tsaya a kansa, ki ce a bi tsakanin ƙashi da ƙashi da wuƙa, sai an kai ƙashin baya sannan a sa adda sau ɗaya. Kaurin kowane yanka kada ya gaza faɗin yatsa ɗaya da rabi, wajen santimita 2 zuwa 2.5. Siririn yanka yana bushewa kafin haɗin ya kama jikinsa.

Sai shekarun dabbar. Girke-girken da ake gani na ƙasashen waje da ɗan tunkiyar da bai cika shekara ba ake yi, shi ya sa suke cewa minti uku ko huɗu kowane gefe ya isa. Balami ko Uda da aka yi wa kiwo don layya, wanda ya yi shekara biyu ko uku, ba zai ji wannan maganar ba. Tsokarsa ta cika da jijiya, ita kuwa jijiya lokaci da danshi take so kafin ta saki ta koma taushi. Irin wannan sai an fara tafasa shi a wuta kaɗan da albasa da citta da gishiri na minti 35 zuwa 45, a tsame ya tsane, sannan a shiga batun suya da zaƙi. Romon kada ki zubar, da shi za ki haɗa abin shafawar. Idan kuwa matashin Yankasa kika samu, za ki iya kai shi kasko kai tsaye.

Wani abin da ke ba mutane kunya ranar Sallah shi ne gaggawa. 'Yan sa'o'i bayan yanka tsokar dabba takan sandare, kuma sai ta kwana a sanyi kafin ta fara saki. Idan akwai wuta kuma firjinki na aiki, ki ware wannan yankan ki bar shi zuwa washegari ko jibi. Ranar yanka ta kayan ciki ce da hanta.

Akuya fa? Tana yi, musamman jar akuyar nan ta Sakkwato da Maraɗi idan matashiya ce, sai dai ba ta da kitse sosai, don haka tana saurin bushewa. Naman sa kuma yankansa ya cika girma ga kaskon gida. Rago ya fi su dacewa saboda kitsensa, amma kitsen nan yana da hali guda: da ya fara hucewa sai ya daskare ya manne a ganɗa. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa haɗin ba zai yiwu da zaƙi zalla ba, dole sai da tsami.

Zuma

Zuma ta fi kowa kyau a ido. Ita ce ke ba da sheƙin nan da ake gani a hoto, kuma ba ta da wahalar haɗawa, daga kwalba sai kwano. Ta fi sukari zaƙi, saboda haka babban cokali uku ya wadatar da kilo ɗaya na nama. Tana kuma zuwa da ƙamshinta, wanda ya danganta da furen da ƙudan suka sha.

Illarta a wuta take. Mafi yawan zaƙin zuma nau'in sukarin 'ya'yan itace ne da masana ke kira furuktos, kusan kashi 38 cikin ɗari, sai gulukos wajen kashi 31, sauran kuma yawanci ruwa ne. Shi furuktos yana fara ƙonewa ya canza launi tun a zafin digiri 110 a ma'aunin Selsiyos, alhali farin sukari sai wajen digiri 160. Kaskon da ya yi zafin da zai soya nama kuwa yakan kai digiri 200. Kin ga ke nan zumar da aka shafa tun farko ta riga naman da nisa: ita ta ƙone ta yi ɗaci, shi bai ko fara nuna ba. Masu jiƙa nama a cikin zuma ya kwana, da safe su jefa shi cikin mai mai zafi, su ne ke ƙarewa da baƙin nama mai ƙauri a waje, ja a ciki, ga kasko da sai an kankare.

Idan da zuma za ki yi, to ta zama ta ƙarshe. Naman ya nuna tukuna, a rage wuta sosai, a zuba ta a juya minti ɗaya zuwa biyu, a sauke. Ko hakan ma akwai asara, don ƙamshin furen da kika biya kuɗi dominsa shi ne abu na farko da zafi ke kora. Ga tsada, ga kuma batun algus. Kowa ya san yadda ake cika kasuwa da narkakken sukari a ce zuma ce daga daji, kuma gwaje-gwajen da ake yayatawa, na ƙyasta ashana ko ɗiga ta a ruwa, ba abin dogaro ba ne. Idan har abin da ke kwalbar dafaffen sukari ne, gara ki sayi mazarƙwaila da kuɗin da bai kai nasa ba, kin san abin da kika saya. Zuma mai kyau da kika samu daga hannun wanda kika yarda da shi kuwa, ni ina ganin ɓarna ce a ƙone ta a kasko. Ki ɗiga rabin cokali a kan naman bayan an sauke, sauran ki ajiye wa shayi.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko da dafaffiya ce, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da girkin gida ba ya kashewa. Idan akwai mai rarrafe a gidan da ake lasa masa abin da manya ke ci, wannan kaɗai ya isa ki zaɓi wani abin.

Mazarƙwaila

An raina mazarƙwaila ne saboda a faranti ake tallarta a bakin hanya, yara na gatsa. Amma ruwan rake ne zalla da aka matse aka dafa har ya yi kauri, aka zuba a ƙananan kwanuka ya daskare. Yankin Maƙarfi a jihar Kaduna ya yi suna a noman rake da yin ta. Irinta ce mutanen Indiya da na Kolombiya suke girki da ita kullum, kuma ita ce ainihin abin da jan sukarin kanti yake kwaikwayo, domin yawancinsa farin sukari ne aka mayar masa da ɗan baƙin ruwan rake.

Abin da ya sa na fifita ta abu uku ne da suka haɗu wuri guda. Yawancin zaƙinta irin na farin sukari ne, don haka tana jure wuta fiye da zuma, tana ba ki sarari ki juya naman ki shafa ki sake shafawa ba tare da kin shiga tsere da ƙonewa ba. Sannan ba zaƙi ne tsurarsa ba. Dafuwar da ta sha a tukunya ta riga ta ba ta launi da wani ɗan ɗaci-ɗaci mai daɗi da ƙamshin hayaƙi, abubuwan da ke tafiya da kitsen rago da citta da kanumfari. Na uku, tana ɗauke da ɗan gulukos da furuktos, kuma tsamin tsamiya idan ya haɗu da zafi yana ƙara farfasa sukarinta zuwa waɗannan biyun. Su ne ke haɗuwa da furotin ɗin nama su ba da jan launin gashi da ƙamshinsa, aikin da wani masanin Faransa, Louis-Camille Maillard, ya bayyana a 1912. A taƙaice tana yin abin da zuma ke yi, amma a hankali, daidai tafiyar naman.

Tana da nata aikin. Ba a jefa ta a kasko a dunƙule. Ki daka ko ki kankare ta da wuƙa, ki zuba babban cokali huɗu a rabin kofin romo mai zafi ta narke, sannan ki tace da rariya mai laushi ko ƙyalle. Idan kika duba ƙasan kwanon za ki gane dalili: ɗan yashi, ɓurɓushin ɓawon rake, wani lokaci har toka. A wurin saye ki zaɓi mai launin ƙasa-ƙasa mai haske wadda ta bushe sosai. Wadda ta yi baƙi ƙwarai ta riga ta sha wuta fiye da kima tun a wurin masu yi, idan kika ƙara mata taki sai ɗaci. Wadda kuma take naso tana manne wa leda ta sha danshi, tana iya yin tsami-tsamin da ba a so.

Sheƙinta bai kai na zuma ba, gaskiya. Launinta ya fi duhu, ya fi kusa da na naman tukuba. Idan hoton da za ki ɗora a shafinki ne ya dame ki, ɗan man shanu rabin cokali da za ki jefa bayan kin kashe wuta zai gyara wannan.

Dabino

Dabino ya fi su duka ɗanɗano mai zurfi, kuma shi ne wanda mutanen gida ba za su ce baƙo ba ne, tunda harshe ya san shi a kunun aya da fura da kilishi. Busasshen nan mai tauri da ake kawowa daga wajen Agadas ya isa, ba sai kin taɓa mai laushin tsarabar Makka ba. Ki fasa guda goma zuwa sha biyu, ki cire ƙwallon, ki duba cikin da kyau don ƙwari na son ɓuya a nan, ki jiƙa a ruwan zafi na rabin sa'a, ki markaɗa, ki tace.

Sai dai dabino ba ya yin irin haɗin da ake nufi. Yana da ɓawo da zare-zare, don haka abin da ke fitowa miya ce mai kauri, ba ta yin garai-garai balle ta yi ƙyalli. A kasko mai zafi wannan kaurin yana kwanciya a ƙasa ya kama, kuma zaƙinsa irin na zuma ne wajen saurin ƙonewa. A kan garwashi kuwa sai ya bushe ya yi ɓamɓaroki. Inda yake haskawa shi ne dahuwa ta rufi: tsohon rago, tukunya mai nauyi ko tire da aka rufe da foyil a oben, wuta kaɗan, sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu. A nan dabinon yana narkewa cikin romo da albasa, ya ratsa naman har ƙashi. Wannan girki ne na daban, ya fi kusa da na mutanen Maroko, kuma idan baƙi za ki tara, surukai ko dangin maigida waɗanda ba su saba da nama mai zaƙi ba, shi na fi ba ki shawara. Ba wanda zai ce an zuba wa nama sukari. Za dai a yi ta tambayar me kika sa.

Farin sukari da lemon kwalba

Farin sukari yana yi idan babu komai a gida, amma zaƙi kawai yake kawowa. Sai kin fara narka shi shi kaɗai a kasko har ya yi ja kafin ki zuba romo, kuma tazarar da ke tsakanin ja da ƙonewa daƙiƙoƙi ne. Masu zuba Coca-Cola ma ba shirme suke yi ba, don sukari ne da ɗan tsami da launi, amma sai an tafasa kwalba guda ta tsotse ta koma 'yan cokula, gas na ta tafiya. Wanda aka rubuta babu sukari a jikinsa kuwa ba ya yin danƙo ko za a kwana ana dafawa.

Tsamin da zai riƙe zaƙin

Duk wanda kika zaɓa, ba zai tsaya shi kaɗai ba. Zaƙi da kitse idan suka haɗu babu tsami, yanka biyu mutum zai ci ya gundure shi. Tsamiya ce ta fi, saboda tsaminta ba ya gudu a wuta, kuma tana da jikin da ke taimaka wa haɗin ya kama nama. Ki jiƙa ɗan dunƙule a ruwan ɗumi kaɗan, ki murje, ki tace mai kauri, kusan yawan zaƙin da kika auna. Lemon tsami a ƙarshe ake matsa shi, idan ya daɗe a wuta ƙamshinsa na tafiya ya bar ɗaci, don haka da zuma ya fi tafiya tunda su biyun 'yan ƙarshe ne. Ruwan zoɓo mai kauri ma yana yi, yana ba da jan launi mai kyau da dabino.

Girke-girken waje kusan duk za su ce ki zuba miyar waken suya ta kwalba. Idan babu, kada ki fasa. Ita ma wake ne da aka bari ya ruɓa cikin tsari, aikin da daddawa ke yi mana tun kaka da kakanni. Dakakkiyar daddawa rabin ƙaramin cokali da gishiri sun biya. Kanwa ce kawai zan ce ki nisanta a wannan girkin, ko da kina son naman ya yi saurin laushi, domin za ta kashe tsamin tsamiyar kamar yadda take kashe na tumatir a miya. Idan laushi kike nema, ki shafa wa naman markaɗaɗɗiyar ɗanyar citta ko cokali ɗaya na ɗanyar gwanda. Ita gwanda kada ta wuce sa'a ɗaya a jiki, idan ta daɗe saman naman zai yi laɓo-laɓo.

Kasko, oben ko garwashi

A kasko ne kike da iko da komai, idonki na kai, hannunki na kan makunnin gas. Ana son mai nauyi mai kaurin gindi. Siririn kaskon alminiyom yana tara zafi a wuri ɗaya, nan sukari zai fara ƙonewa. Ga yadda abin yake tafiya da mazarƙwaila. Ki goge naman ya bushe sarai, ki sa gishiri da masoro. Man gyaɗa cokali ɗaya, ya yi zafi. Ki fara tsayar da yankan a kan gefen kitsensu, ki jingina su da juna, har kitsen ya narke ya yi ja. Sannan ki kwantar da su, kada su yi cunkoso, gara ki yi zubi biyu, don idan suka cika kasko ruwa za su fitar su koma dahuwa. Minti uku zuwa huɗu kowane gefe. Ki kwashe, ki tsiyaye man ki bar kamar cokali ɗaya. Wannan tsiyayewar tana da muhimmanci, haɗi ba ya kama naman da ke iyo a cikin kitse.

Yanzu ki rage wuta, ki jefa dakakkiyar tafarnuwa da citta da attaruhu ɗaya da kanumfari biyu, ki juya sau biyu uku, ki zuba narkakkiyar mazarƙwailar da ruwan tsamiya da daddawa. Zai taso da ƙananan kumfa masu saurin fashewa, ruwa ne ke fita. Ki kankaro abin da ya manne a gindin kaskon, daɗin yana nan. Can za ki ga kumfar ta zama manya, tana tashi a hankali tana fashewa da nauyi, ƙarar ma ta canza. Ki ja cokali a tsakiyar kaskon: idan hanyar da ya bari ta ɗan tsaya kafin ta rufe, lokaci ya yi. Ki mayar da naman da ruwan da ya tsatso a faranti, ki riƙa juyawa kina ɗibar haɗin kina zuba masa a kai na minti biyu. Ki sauke tun yana da ɗan ruwa-ruwa, don yana ƙara kauri idan ya huce. Wanda aka bari ya yi kauri sosai a wuta, kafin a kai shi falo ya koma alewa, sai an yi kokawa da haƙori.

Oben ya fi sauƙi idan naman na da yawa, kuma shi ne wurin da zuma ta fi samun lafiya, tunda zafinsa ba ya dukan wuri ɗaya. Digiri 180, a rufe da foyil har naman ya nuna, a buɗe, a shafa, a mayar minti biyar, a sake shafawa a mayar minti biyar. Matsalarsa sananniya ce: na lantarki yana hannun masu ɗauke wuta, na gas kuma yawancin ƙananan da ke gidajenmu daga ƙasa suke ba da wuta, sai gindin tire ya ƙone saman bai yi ja ba. Shimfiɗa yankakkiyar albasa a ƙarƙashin naman tana rage wannan.

Garwashi ya fi su duka ƙamshi, ya kuma fi su rashin yafiya. Kitsen rago na ɗiga wuta ta tashi, harshenta na taɓa sukari ya zama gawayi. Idan a kurfoti za ki yi, ki bari garwashin ya yi fari da toka, ki tura shi gefe ɗaya, ki gasa naman da gishiri da yaji kawai har ya kusa nuna, sannan ki matsar da shi gefen da babu wuta ki shafa haɗin da kika riga kika dafa ya yi kauri a tukunya. Shafa biyu, minti biyu-biyu. A nan mazarƙwaila ce kaɗai nake yarda da ita. Zuma a kan garwashi sai wanda hannunsa ya faɗa sosai, irin masu tukuba da suka san zafin wuta da tafin hannu.

Batun nuna kuwa, hukumar aikin gona ta Amurka ta ce yankan rago ko na sa ya kai digiri 63 a tsakiyarsa, a bar shi ya huta minti uku. A wannan zafin cikinsa yana da sauran ja-ja, abin da yawancinmu ba ma so, kuma idan naman ya wuni a kan tebur a kasuwa cikin rana da ƙuda, ni ma ba zan tsaya a nan ba. Wajen digiri 70 jan ya tafi, naman bai bushe ba. Idan babu ma'auni, ki tsaga ɗaya kusa da ƙashi, ruwan da zai fito ya zama fari. Hutun nan na 'yan mintuna bayan saukewa kada ki tsallake shi, ko da yara sun kewaye ki.

To wanne za ki ɗauka? Idan matashin rago ne da kasko a kan gas ko risho, na mutum huɗu zuwa shida, mazarƙwaila da tsamiya. Idan tsohon ragon layya ne kuma kina da lokaci, dabino a rufe. Idan kina da oben mai kyau da zumar da kika tabbatar da ita, ki yi da zuma da lemon tsami, a mintuna goma na ƙarshe. Mai ciwon sukari a gida kuwa kada a ruɗe shi da cewa zuma ko dabino ba sukari ba ne, babban cokalin zuma ɗaya yana ɗauke da wajen giram 17 na sukari. Ki cire masa nasa yankan bayan suya ta farko, ki barbaɗa masa yaji.

Abin ci da shi ya zama marar zaƙi: farar shinkafa, gurasa, dafaffen dankalin Turawa, ko sinasir idan ba a cika masa sukari ba, da yankakkiyar albasa da kokwamba da aka matsa wa lemon tsami. Soyayyar ayaba da dankalin Hausa su jira wani girkin. Ki ɗumama farantin da ruwan zafi kafin ki jera naman, saboda kitsen nan da ke saurin daskarewa, kuma ki zuba ruwa a kaskon tun yana da zafi ki mayar kan wuta ya tafaso, in ba haka ba gobe da safe sai kin sa wuƙa.